Hular Ba'ana Mai Tayoyi

Duk wanda ya bi layin masu shayi a Lamisula da hantsi, huluna zai fara gani kafin ya ga mai aikinsu. Suna jere a rana bisa gungumen ice, kowace ta ɗame sai ka ce da kan mutum a ciki, zanna a nan, ta Bama a can. A ƙarshen jerin, ƙarƙashin dalbejiya, Ba'ana ke zaune da buroshi a hannu, baho tsakanin ƙafafunsa. Shekara talatin da huɗu yana wankin hula, kuma ba abin da ya taɓa barin hannunsa bai sha ruwan ƙaro ba. Ƙaron ne ke sa hula ta tsaya ƙyam, ta yi sheƙi. A wurin Ba'ana, abin da ba a shafa wa ƙaro ba, ba a gama shi ba.

Kai ɗaya ne ya gagare shi a duk Maiduguri, kan amininsa Malam Yoila, tsohon malamin kimiyya da ke zaune a Bulumkutu. Yoila yana da sanƙo mai faɗi wanda rana ke sauka a kansa ta huta, amma bai taɓa yarda ya sa hula ba. Duk Alhamis yakan hawo keke napep ya zo su sha shayi, su yi ta tsokanar juna har la'asar.

Bayan ya yi ritaya, Yoila ya shiga wata ƙungiyar masu sha'awa: ɗalibai, kanikawa, har da ma'aikatan asibiti. Suna gina ƙananan mutum-mutumin faɗa da bulon roba, irin wanda ake maƙala ɗaya kan ɗaya. Sukan sa musu tayoyi da ɗan inji da batir, su tuƙa su da rimot, su haɗa su kokawa a kan faffaɗan tebur. Wanda aka kifar, ko aka tunkuɗo ƙasa, ya faɗi.

Ran da Yoila ya ba da labarin, Ba'ana ya yi dariya har ya ajiye buroshi.

"Ticha, tsufa ya mai da kai wasan yara?"

"Wasan yara? Kai da hannunka bai san komai ba sai sabulu da kumfa? Nawa sunansa Ɓauna, yana da ƙaho biyu. Ba ka iya gina abin da zai yi minti uku a gabansa."

Mutanen teburin mai shayi suka kwashe da dariya. Ba'ana ma ya yi, amma maganar ta zauna masa a ƙirji.

"In na gina fa?"

"In ya yi minti uku a tsaye, ni Yoila zan sa hula. In bai yi ba, ka miƙe a nan ka faɗa da bakinka cewa wanki kawai ka iya."

Aka tafa. Mako na zagayowa Yoila da kansa ya kawo masa aron kwalin bulo da inji da rimot, da takardar ƙa'idoji. Ba'ana ya linke takardar ya tura ƙarƙashin tabarma, bai sake tuna ta ba.

Wata guda ya yi yana fama. Na farko da ya gina dogo ne kamar hasumiya, yana motsawa ya kife. Na biyu ya tsere masa a tsakar gida, ya bi ta tsakanin kaji, ya ture kaskon turaren wutar matarsa Zainaba.

"Malam," in ji ta tana kwashe garwashi, "ko dai ka koya masa hankali, ko ya kwana a waje."

Wata rana da azahar yana zare hula daga gungume, sai gungumen ya suɓuce ya gangara. Ya kai hannu, abu mai santsi ba kusurwa, ya rasa inda zai kama. Nan ya tsaya yana kallonsa. Ɓauna ƙaho gare shi, to ƙaho sai ya sami wurin shiga. Ba'ana ya rushe ginin ya sake sabo: gajere, kewayayye, bakinsa na shafar ƙasa, tayoyinsa a ɓoye a ciki. Ya jera bulo ja da fari da kore a jikinsa yadda ake jera zanen zanna. Zainaba ta leƙo ta ce, "Wannan ai hula ce." Sunan ya bi shi.

Ranar Juma'a, jajibirin gasar ƙungiyar su Yoila, ya ajiye Hula a jerin aikin ranar. Ya bi huluna ɗaya bayan ɗaya da ruwan ƙaro, da ya zo kanta bai ma yi tunani ba. Yaya za a kai abu gaban jama'a ba sheƙi? Ya kauce wa injin, ya shafe sauran tsaf, har cikin tsagogin bulon, ya shanya ta tare da 'yan uwanta.

Asabar da safe, a wani ɗakin taro a Bolori, alƙaliyar gasar, Madam Edith, tana duba kowane gini kafin a shiga. Ta ɗauki Hula ta yaba. Sai ta ja bulo ɗaya, bai motsa ba. Ta sa farce, ko gezau. Ta kai hanci ta sunsuna.

"Baba, me kuka sa mata?"

"Ƙaro," in ji Ba'ana da alfahari. "Mai kyau, na Damasak."

"Ayya, Baba. Ƙa'ida ta farko ke nan, ba a liƙa bulo da komai. Ba za ta shiga ba."

Yoila ya dafe sanƙonsa yana dariya har da hawaye. "Ya ɗauka kan wani Alhaji za ta hau!"

Ba'ana bai yi dariya ba. Ya ga teburin mai shayi a idonsa, ya ga kansa a tsaye yana faɗin abin da aka ce ya faɗa. Abin da ya fi ci masa rai, kada a ce ya zo da maguɗi.

"'Yata, saura minti nawa a kira mu?"

"Arba'in."

"In na cire shi tas fa?"

"In kowane bulo ya rabu da ɗan uwansa, za ta shiga. Amma Baba, wa zai iya?"

Ba'ana ya naɗe hannun riga. Ya roƙi mai shayin bakin ƙofa ruwan ɗumi da roba, ya zaro buroshin da ba ya rabuwa da aljihunsa. Ya cire inji da batir ya miƙa wa Yoila. "Riƙe, Ticha, ka yi amfani yau." Ya tsoma Hula a ruwa. Ƙaro kuwa tsohon abokin aikinsa ne, ya san yadda yake saki. Bulo ya shiga rabuwa ɗaya-ɗaya, yana gogewa, yana ɗaurayewa, yana jerawa a kan rawaninsa a baranda. Ranar Maiduguri ta yi sauran aikin. Jama'a suka bar teburin faɗa suka kewaye shi. Bai da zane a takarda, amma wanda ya shekara talatin da huɗu yana kallon zanen hula ba ya manta inda ja ya bi fari. Ana kiran sunansa yana danna bulon ƙarshe.

Madam Edith ta ja ɗaya, ya fita, ta mayar. "Wushe, sannu da aiki, Baba. Ku shiga."

Ɓauna ya taho da gudu, ƙahoninsa suka zame ta gefen Hula, ya wuce har ya kusa faɗuwa ƙasa da kansa. Ya juyo ya sake. A karo na uku ya ɓalle mata bulo shida, suka watse a tebur. Ba'ana ya ji kamar haƙoransa ne suka zube. Bai iya kai hari ba, juya ta kawai yake tana ba da gefe mai lafiya. Ɓauna ya tura ta har bakin tebur, taya ɗaya ya leƙa ƙasa, ɗakin ya ɗauki ihu. Sai Madam Edith ta busa usur, minti uku sun cika.

Da maki Ɓauna ya ci. Amma Hula na tsaye, rabin zanenta ya tafi, tana nan dai a kan tebur.

Ba'ana ya sa hannu a jakarsa ya fito da wata zanna ruwan toka. Shekara goma sha ɗaya tana ajiye, tun ran da ya auna kan amininsa da ido. Ya ɗora masa, ya karkata ta kaɗan, ya ja da baya yana dubawa. Ta zauna daram.

Yoila ya shafa ta, ya yamutsa fuska. "Ta yi tauri."

"Ƙaro ne," in ji Ba'ana. "Wannan kam ba wanda zai sa ni in wanke."