Kaset ɗin Alhaji da muka goge

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan aka kira ni daga Gumel: Sabo Ɗan Boda ya rasu.

Ku kun san shi a kan dandamali, da sarƙa a wuya. Ni na san shi a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da mutanen unguwarmu ke tambaya ko aljanu ne suka taɓa shi, saboda yana magana da sauri shi kaɗai yana kaɗa hannu. Ya ce sunan abin rap.

Rediyo mai kaset biyu a ɗakina take. Sabon kaset ɗin da za mu ɗauki muryarsa ne ba mu da shi, sai ya ɗauko ɗaya daga motar mahaifinsa, Alhaji Mati, dillalin shanu. Ni na toshe ramukan kaset ɗin da takarda, ni na danna jan maɓalli. Ashe wa'azi ne. Muka firgita, muka mayar da shi inda yake.

Ranar kasuwar Maigatari, Alhaji ya ɗauko abokansa dattawa, ya saka musu wa'azi. Malam yana tsakiyar bayani a kan haƙuri, sai ga muryar Sabo: "Yo, yo, Gumel ta tashi!"



Alhaji ya rantse sai ya san wanda ya taya shi, ya kai ƙararsa gidansu. Babana ba ya jin bayani. Sabo ya sha bulala, ya ce shi kaɗai ne.

Hukuncinsa, tunda bakinsa ba ya gajiya, ya tafi tasha kiran fasinja. Can ya mayar da "Gagarawa, Sule Tankarkar, saura mutum ɗaya" waƙa, direbobi suka bazu da ita har Damagaram, daga nan Kano ta kira shi.

Bai taɓa shigowa gari bai kawo wa mahaifiyata turare ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da ƙaramar salla, ya riƙe hannuna yana dariya: "Malam, har yau fa ban tona ka ba."

Ɗazu bayan jana'iza na durƙusa gaban Alhaji, na ce akwai laifin da na daɗe da shi. Ya ɗaga mini hannu.

"Na sani tun ranar, ɗana. Wa zai rubuta 'ɗauka ta farko' da kwanan wata a jikin kaset ɗin sata in ba kai ba? Na ga Sabo ya riƙe amana ne, shi ya sa na bar shi ya yi waƙarsa."

Kaset ɗin yana nan a akwatin Alhaji.

Allah Ya gafarta wa Sabo, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.