Muryar Baba Daga Challawa Zuwa Bompai

Mun tashi da asuba daga Zawaciki ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da maƙwabciyata. Na idar da salla, na dama wa Inna kunu na zuba a filas, sannan na naɗe kwamfutar a tsohon zane na sa a jakar Islamiyya. Da yake wasunku sun tambayi inda na shige ranar har ban amsa saƙo ba, ga yadda aka yi.

Kwamfutar ta marigayi Babanmu ce. Ya yi aikin ofis a wani kamfani a Bompai, kuma a shekarunsa na ƙarshe ya ɗauki muryarsa yana karatun Alƙur'ani, da 'yan nasihohin da yake mana. Duk suna cikinta, babu su a ko'ina. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan kunna wa Inna ta saurara. To amma kwamfutar ta tsufa. Sai in kunna ta, in wanke shinkafa in ɗora, tana nan ba ta gama buɗe ido ba, wani lokacin kuma ta sandare a tsakiyar aya. Wani abokin aikin maigidana ya ce akwai manhajar kyauta, Linux, da ake sa wa tsofaffin kwamfutoci a madadin wadda suka zo da ita, sai su warware. Ya ce kowa zai iya sawa da kansa, a dai kwafe abin da ke ciki tukuna. Na kwafe ranar Alhamis a ƙaramin filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na ƙulle shi a bakin mayafi. Maigidan ya tafi ƙauyensu gaisuwa, shi ya ce in je Challawa wurin abokin nasa in karɓo filashin da manhajar ke ciki.

Challawa tun kafin a gan ta ake jin ta. Warin fatun da ake jima shi ke fara yi wa mutum maraba, mai adaidaitarmu kuwa ko hanci bai toshe ba. Mun isa kamfaninsu daidai canjin aiki: masu fita idonsu ja, masu shiga a kan kekuna daga ƙauyukan kusa, kowa da kwanon abincinsa a ɗaure a baya. Maƙwabciyata ta saya mana ƙosai a bakin ƙofa. Na ɗari biyu bai rufe tafin hannu ba, amma da zafinsa.

Abokin maigidan ya fito, mutumin kirki ɗan Jigawa. Da yake ni matar abokinsa ce, bai dube ni ba, tayar adaidaita ya yi ta yi wa bayani. Ni kuma ina kallon ƙasa. Ya faɗi maɓallin da ake dannawa in an kunna, ya faɗi wasu abubuwa da Turanci, ya ce daga nan in yi ta danna ci gaba kawai. Duk inda ya ja numfashi sai in ce, “To.” Haka aka rene mu, babba ko malami yana magana ba a tsayar da shi, balle a ce ya maimaita. Da muka koma adaidaita maƙwabciyata ta tambaye ni ko na gane. Na ce mata gaisuwar dai na gane ta sarai.

Daga nan sai Sharada. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, wutarmu kuma ba ta da alkawari, shi ya sa maƙwabciyata, wadda 'yar kudancin Kaduna ce mai aiki a ofishin wani kamfanin biskit, ta nemar mana izinin zama a teburinta inda akwai janareta. Hanyar duk manyan motoci ne a jere, direbobi suna shan shayi a ƙarƙashinsu, ramuka kuma kowa ya san nasa, kowa yana kauce masa. Cikin kamfanin ƙamshin biskit ya wanke mana hanci daga na Challawa.

Sau uku muna kunna kwamfutar muna makara wajen danna maɓallin nan, a na huɗu muka kama ta. Daga nan abin ya zo da sauƙin da har na fara jin kaina. Ta tambayi harshe, na zaɓa. Ta nuno taswirar duniya ta ce in nuna inda nake don a saita agogo. Na nemi Kano ban gani ba, sai Legas, na haƙura. Sai ga wani shafi mai zaɓi biyu ko uku, na saman da alama a kansa tun kafin in taɓa. Turancina na sakandare bai kai ko'ina ba, amma na san kalmar da ke nufin gogewa in na gan ta. Wani dattijo ɗan Filato mai kula da sito ya leƙo ya ce na saman kowa ke dannawa. Maƙwabciyata ta tuna min ai na kwafe, filashin ma ga shi a mayafina. Duk gaskiya suka faɗa. Na ɗora yatsa, na yi bisimilla, sai na kasa. Na kira abokin maigidan, wayarsa a kashe, ya kwana aiki yana barcinsa. Dattijon ya ga ba zan danna ba, ya ce akwai wata mata a Bompai da ke gyara musu na ofis, ya kwatanta mana wurin.

Tsallaka Kano daga wannan gefe zuwa wancan da rana tsaka tafiya ce mai zaman kanta. Adaidaita biyu muka canza. A Titin Gidan Zoo cunkoso ya riƙe mu har mai sayar da ruwa ya wuce mu sau uku, a na ukun ya gaishe mu kamar dangi. Bompai ta fi Sharada shiru. Tituna masu faɗi, manyan bishiyoyi, wasu kamfanonin na aiki, wasu ƙofofinsu sun yi tsatsa ciyawa ta fito a gindi. Mun wuce ta gaban inda Baba ya yi aiki. An canza fenti.

Shagon matar kwantena ne a ƙarƙashin darbejiya. Za ta girme ni da kaɗan, da tabarau, da mayafi a ɗaure a ƙugu. Na miƙa mata kwamfutar ba ta karɓa ba. Ta nuna min kujera ta ce, “Hajiya, me ke cikinta wanda in ya ɓata ba a sayo wani?”

Na faɗa mata. Ta tambaya ko na kwafe, na kwance bakin mayafi na nuna mata filashin da ɗan alfahari. Ta ce in sa a tata kwamfutar mu ji. Na sa, ga sunan nan yadda Baba ya rubuta shi, na danna. Babu abin da ya buɗe. Na sake dannawa. Ta matso da tabarau ta nuna min wata 'yar kibiya a gindin hoton. Ta ce abin da na kwafo ba karatun ba ne, alama ce kawai da Baba ya ajiye a fuskar allo don ta riƙa kai shi inda karatun yake a can ciki. Wato kwatancen gida na ɗauko, na baro gidan. Da na danna na saman nan a Sharada, da shi ke nan.

Maƙwabciyata ta riƙe min hannu, na ji nata ya fi nawa sanyi.

Matar ta sa ni na nemo ainihin inda karatun yake, na kwafe a filashina, na sake kwafewa a wani da ta sayar min, muka gwada kowanne a tata. Muryar Baba ta fito a cikin kwantenar, har da 'yar gyaran muryar da yake yi kafin ya fara. Ta gyara mayafinta ta rufe kai, muka saurara har ya kai aya.

Bayan mun yi azahar aka koma kan manhajar, kuma a nan na ga irin koyarwarta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kwamfutar ba, hannunta na kan cinyarta. Ta fara bayani na ce, “To.” Ta girgiza kai.

“A shagon nan ba a ce min to. Karanta abin da allon ya ce, ki faɗa min da Hausa.”

Shafin harshe da na agogo ko kallo ba ta yi ba, tana cin ɗanwakenta. Da muka zo shafin gogewar nan sai ta ajiye cokali. Ta sa na faɗi abin da kowane zaɓi zai yi, da abin da zai tafi, da inda na ajiye madadinsa. Sai da na faɗa daidai sannan ta ce in danna in na yarda. Na goge da hannuna. Kafin mu gama namu ɗanwaken, mai yaji sosai da man da bai yi yawa ba, kwamfutar ta gama, muka mayar da karatun ciki. Ta ce mata da maza da yawa suna zuwa mata bayan sun riga sun danna, kuma kusan dukkansu wani ya yi musu bayani sun ce sun gane.

Mun dawo Zawaciki gab da magariba, ƙafafuna sun kumbura, jakar na warin Challawa da ƙamshin biskit a haɗe. Abin da na fahimta a tafiyar nan shi ne sabon shiga ba ya bukatar a riƙe masa hannu tun daga farko har ƙarshe. Yawancin shafukan ni kaɗai na wuce su. Yana bukatar wanda zai zauna kusa da shi a wuri ɗaya, inda ba a komawa baya, wanda kuma ba zai karɓi “to” a matsayin amsa ba. Filashi ɗaya yanzu yana akwatin Inna, ɗayan na aika wa yayata a Hotoro.

Bayan salla Inna ta tambaya ko an gyara. Ban ba ta labarin Sharada ba. Ta ce ko da ba Juma'a ba ce in kunna ta ji. Na kunna, na miƙe zan shiga kicin kamar yadda na saba, ban kai ƙofa ba na ji gyaran muryar Baba. Inna ta gyara zama a kan darduma ta ce, “Yau dai Malam bai sa mu jira ba.”