Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in kuwa da wani take magana, sai ta ce "waccan". Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ban kuma taɓa sa abin a raina ba.

Wata rana da hantsi tana dama kunu a gidanmu na Gyadi-Gyadi, ludayi ya suɓuce mata, harshenta ya yi nauyi, magana ta dinga fitowa a cukurkuɗe. Kafin in iso daga gidana na Tarauni a adaidaita har ta warware, tana ta faɗa wai an tara mata jama'a a banza. Na ce sai asibiti, ko da ɗaukarta za a yi. Hoto ya nuna jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa ta kusa toshewa da kitse. Babban likita ya ce wannan gargaɗi ne, na gaba shanyewar ɓarin jiki. Za su zura siririyar waya ta jijiyar cinya har wuya, su dasa ɗan bututu mai raga ya buɗe hanyar. Bai ɓoye mana ba: ana cikin aikin, ɓarɓashi na iya ɓallewa ya haye ƙwaƙwalwa, ta tashi ba baki.

"Ba baki" ɗin nan shi ya hana ni sakat. Matar da mitarta ke isata, sai ga ni ina roƙon Allah ya bar mini mitar. Ranar aikin, a kan bencin jira, na daka wa ƙanina tsawa don yana danna waya, alhali bawan Allah bai yi laifin komai ba.

Aka fito da ita idonta biyu, aka ce kada ta lanƙwasa ƙafa. Wani matashin likita ya zo gwaji. Ta matse masa hannu, ta ɗaga gira, ta washe baki, duk lafiya. Sai ya nuna ni.

"Hajiya, wace ce wannan? Faɗa mini sunanta."

Inna ta kalle ni, ta mai da kai bango. Ya maimaita. Shiru. Na ga fuskarsa ta canza, ya ce wa nas ta kira babban likita maza. Wallahi ni da na fi kowa sanin dalili, a lokacin kaina bai kawo ba. Tsoro ya cinye ni, na ce shi ke nan, abin ya faru. Na durƙusa na riƙe hannunta ina kuka.

"Inna, don girman Allah ki yi magana."

Ta juyo ta daɗe tana kallon fuskata. Sannan ta faɗi sunana, a hankali, tsaf, ba harafin da ya karkace. Ta ja mayafi ta rufe ido.

"To, kun ji. Sai a ƙyale ni."

Tana nan lafiya, tana shan magungunanta tana mita. Tun daga ranar ta koma "ke", ni ma ban nemi ƙari ba.