Majo Yakuba, Mai Doguwar Gaisuwa

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin a busa usur na gudun safe a wani barikin horon soja na ƙasar Konni, za ka tarar da Majo Yakuba, babban malamin jinya, tsaye bakin asibiti yana gaisawa da kurata. In ya kama hannunka ka shiga uku, sai ya tambayi gida, da damina, da akuyar da ka baro ƙauye. Kurata har kwaikwayonsa suke yi a bayan ido. Ba su san yatsunsa na kan jijiyar wuyan hannu ba, bugun zuciya yake ƙirgawa. Wannan wata zai ajiye aiki, kuma ni dai abin ya taɓa ni.

Sufyan, mutumin Tajaye, ya ba ni labarinsa da bakinsa. Yana kurtu, duk lokacin da aka auna shi gaban manya sai zuciyarsa ta hau gudu, har aka fara batun a sallame shi, wai ciwon zuciya. Gonarsu kuwa ta daina riƙe gida, aikin nan kaɗai ya sa wa rai.

Majo ya roƙi a ba shi mako guda. Kullum sai ya gaisa da Sufyan ya rubuta, a busa usur ya sake kama hannun, bayan gudu ma haka. Sannan ya nuna wa likita takardar: in ana hirar gero zuciyar tana tafiya daidai, in aka busa usur kofur ya daka tsawa sai ta hau gudu, bayan gudu kuma tana saurin lafawa. Tsawar kofur ce ke sa jiki ya zuba sinadarin firgita cikin jini. Likita ya tura Sufyan asibitin garin Tawa aka auna shi da na'ura, ba a ga komai ba.

"Zuciyakka lahiya lau take," in ji Majo. "Tsoro na, kuma mu duka da shi munka zo."

Ya koya masa jan numfashi a hankali kafin a shiga layi. Yau Sufyan saje ne.

Majo, kai ne kuma ka gano masu ciwon gaske, ka hana su gudun da zai kashe su, suka tafi gida suna zaginka. Suna nan da ransu, suna goyon 'ya'yansu. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai lafiya.

Ku da za ku gaji kujerarsa, kafin ku sa hannu a takardar sallamar ɗan wani, ku ba shi mako guda.