Abin da Marta Ta Ce Game da Dawuda

Lokacin sanyi a Awali, wata unguwa a Madina inda babanmu yake aikin gonar dabino, da an sallame magariba Kaka takan hura wuta da busassun rassa, mu kewaye ta. Hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai matsawa.

Labarin Annabi Dawuda muka fi roƙo. Yaro ne makiyayi, ƙaramin gidansu, ya kai wa yayyensa abinci fagen yaƙi, ya tarar da mazaje sun laɓe saboda ƙaton nan Jalutu. Shi kaɗai ya fita da majajjawa. Da dutse ya sami goshin ƙato, waɗanda suka ɓuya ma suka fito suna cewa "mun ci".

A nan Kaka takan gyara zama ta ce, "Saura na Marta."

Marta Kirista ce a Cadi. Lokacin da su Kaka suka taho Makka a ƙafa, zazzaɓi ya kayar da ita, ayari ya wuce. Marta ta ɗauke ta, ta yi jinyarta har damina ta fita.

Kaka takan ce, "Ta ce min su a wajensu Dawuda inuwa ce, mai inuwar yana tafe. Wai Almasihu daga gidan Dawuda ya fito, shi ma makiyayi ne na mutane, shi ma shi kaɗai ya tari mutuwa a madadin kowa. Na ce mata mu Annabi Isa bawan Allah ne, ba a kashe shi ba. Ta ce, to, sha kununki tukuna."

Wata rana Kawu Sale, ƙanen mamanmu, ya ji. Ya rage murya.

"Inna, don Allah halas, ya isa haka. A Madina fa muke. In yaran nan suka faɗa a makaranta fa?"

"Su faɗa! Na ce na bi ta ne? Matar da ta wanke min amai zan yanke daga labari don kai kana jin tsoro? Da ba ta ɗauke ni ba, ai da babu kai, mai gemu."

Muka ƙyalƙyale da dariya, Kawu ya tashi.

Kaka ta rasu. Yanzu ni ma ina da yara biyu, kuma ni matsoraciya ce: tari kaɗan na ruga asibiti, ƙwanƙwasa ƙofa gabana ya faɗi. Karatuna bai yi nisa ba, ba zan iya musu da malamai ba. Kullum in na ba su labarin Dawuda, a faɗuwar Jalutu nake tsayawa.

Makon jiya 'yata Ruƙayya ta ce, "Mama, su Kirista duk mugaye ne, ko?"

Babanta na zaune yana shan shayi. Na san zai iya cewa abin da Kawu ya ce. Amma na jawo ta jikina, na ba ta labarin duka, da abin da su suke cewa, da abin da mu muka yarda da shi, da kunun.

Ya ajiye kofi. "Wannan kuma daga ina?"

Na ce, "Daga Cadi. Kuma gobe ma zan maimaita."