Kwanon Yayana a Wurin Ciyayya

A unguwarmu ta Bakura, da an sallame magariba kowane magidanci yake fito da kwanon tuwonsa ƙofar masallaci. A zauna a tabarma, a ja kwano ɗaya tsakiya a cinye, a jawo na gaba. Ciyayya ke nan. Mu mata muna cikin gida, sai kwano ya dawo mu ga matsayinmu a wurin maƙwabta.

Shekarar da yayana ya fito daga gidan yari ni ke wanke kwanuka. Injin ban-ruwa ya sata a fadama, bayan ambaliya ta cinye shinkafarsa. Ya yi laifi, ba na wanke shi. Amma ya dawo da sana'ar kafinta da niyyar zama lafiya, kuma babu irin sannu da zuwan da bai sha ba. Mutanenmu akwai daɗin baki!

Innarmu ta ce lallai ya fita ciyayya, don a nan ake komawa cikin mutane. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta zuba man shanun da ko mu ba ta ba mu. Kwano ya dawo tas. Ranar har waƙa ta yi a bakin murhu.

Ni ce na fara lura da akuyarmu tana lasar miya a bayan rumbu. Ashe a can yayana yake juye tuwon. Na tsare shi, ya sunkuyar da kai.

"In an zo kan nawa, sai kowa ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Kar ki hwaɗa ma Inna."

Ba wanda ya zage shi ko ya kore shi. Suna jawo kwanon wani ya sa hannu, ba su hana ba. Nasa ne dai ba a ci. Raina ya ɓaci ƙwarai, don cikin masu ƙoshin nan har da wanda duk gari ya san mudun awonsa a lotse yake.

Haka ya yi ta fita da kwano har damina ta wuce. Daga baya ya soma kai yamma a tashar Talata Mafara, wurin tsofaffin abokansa. Su kam komai ya saya da shi suke ci. Bayan girbi aka kama su a hanyar Maradun da babur ɗin wani.

Da muka je ganinsa a gidan yari, Inna ta kai masa tuwo a wannan kwanon. Tana kuka tana tambayarsa me ya rasa a gida, ga mutane sun karɓe shi. Ya dube ni, na kau da kai.

"Ki bar kuka, Inna," ya ce. "Nan mu shida ka cin kwano guda, kuma babu mai janye hannu nai."