Waya Ɗaya a Gidanmu

Bayan na gama hidimar ƙasa na dawo ƙauyenmu a yankin Gezawa, ba aiki. Na shiga wani dandalin sada zumunta inda ake biyan mutum da kuɗin intanet, wato kirifto, idan an jefa wa rubutunsa ƙuri'a. Nauyin ƙuri'a ya danganta da jarin da mai ita ya zuba a dandalin, tawa kuwa ba ta da wani nauyi. Ina rubutu kan noman gyaɗa, ina duba kowace jimla sau da yawa kafin in saka.

Ƙanwata tana koyarwa a Islamiyya, tana kuma soya ƙuliƙuli. Ni na buɗe mata shafi a wayata, don ba ta da babbar waya. Takan rubuta yadda ake matse mai, ni in ɗauki hoto. In ta saka in jefa mata ƙuri'a, in na saka ta jefa mini. Ban ɗauki hakan a bakin komai ba. A garinmu wanda ya zo maka gayya, kai ma kana zuwa tasa.

Wata safiya na tarar wani mai babban jari ya danna wa rubuce-rubucenmu ƙuri'ar ragewa. Kuɗin da za a biya mu ya koma babu, shafinta ya dusashe, sai an taɓa ake ganin rubutun. Ya ce mutum ɗaya ne da shafi biyu yake zaɓen kansa: waya ɗaya, tsakar gida ɗaya a hotuna, har turmin ma ɗaya.

Na yi masa bayani da Turanci, a tsanake. Ban ce ya yi zalunci ba. Wataƙila akwai masu yin abin da yake zargi, kuma ban san me zan yi ba da ni ne a matsayinsa. Ya amsa a taƙaice cewa zai ƙyale mu idan muka daina zaɓen juna.

Na gaya wa ƙanwata tana murza tunkuza. Ba ta ɗago ba.

"To Yaya, wa zai karanta nawa? Ai kai kaɗai ne."

Na ce a hankali za a samu wasu. Ban tabbata ba, ina jin ita ma ta gane.

Ta ƙara ɗan rubutu, ina wucewa ta kansa ba na taɓawa. Ba kuma wanda ya taɓa. Daga baya ta daina karɓar wayar. Shafina ya farfaɗo. Yanzu ina jefa ƙuri'ata ga mutanen ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, a kan hotunan abincin da ban san sunansa ba.